Inji lafiya, tarakta ta ƙi tafiya: a gano inda ƙarfin ya tsaya kafin a raba ta

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da tsohuwar tarakta Massey Ferguson 135 da muka gada wurin mahaifinmu. Ana cikin yin haro a fadama sai direba ya ji ƙara ɗaya, ƙas, daga ƙarƙashin kujera, ta tsaya cak. Inji yana aiki lafiya lau, tana ɗaga haro tana saukewa, babu ƙauri, amma kowace giya aka sa, har ribas, ko motsi ba ta yi. Makaniken da muka kira ya ce sai an raba ta biyu a canja kuloci, wataƙila har da giyabos. Ga damina ta kankama. Mene ne shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari.

Malam, ka dakatar da batun rabawar nan tukuna. Ban ce makanikenka bai san aiki ba, domin kuloci yana iya yin haka. Sai dai alamomin da ka lissafa, wato ƙara guda ɗaya, daga ƙarƙashin kujera, babu ƙauri, kuma jiya-jiya tana jan haro da ƙarfinta, sun fi karkata ga wani wuri dabam, wurin da ake isa gare shi ta sama ba tare da an raba komai ba. Gwaje-gwajen da za su tabbatar da haka ba sa cin kuɗi, kuma da safe zuwa azahar kun gama su.

Ka fara riƙe hanyar da ƙarfi ke bi a ranka. Daga inji yana shiga fulawil, daga nan faifan kuloci, sai sandar da ke shiga giyabos, sai giyoyi uku da ribas, sai sashen babbar giya da ƙarama da ke manne a bayan giyabos. Daga nan wata gajeriyar sanda ta ɗauka, ta miƙa wa wani ɗan bututu mai haƙora a ciki da ake kira kofula, shi kuma ya miƙa wa finiyan, finiyan ya juya babban faifan haƙora na kirawun, difaransha ta raba wa sandunan aksul biyu, sannan taya ta juya. Aikinka irin na mai noman rani ne da ruwa ya ƙi isa fangalinsa: ba ya kwance injin ban-ruwa, sai ya bi magudana da ƙafa har ya ga inda ta ɓalle. Duk abin da zan faɗa a ƙasa bin magudanar nan ne.

Akwai abu ɗaya da ke ruɗa mutane a wannan tarakta. Ganin tana ɗaga haro, wasu sai su ce kuloci lafiya yake. Ba hujja ba ce. Yawancin 135 kulocinsu faifai biyu ne. Babban, mai faɗin inci 11, shi ke kai ƙarfi taya. Ƙaramin, mai inci 9, shi ke juya famfon haidirolik da sandar fitiyo, wannan da ke leƙowa ta baya ana ɗaura mata injin sussuka. Shi ya sa fedar take da mataki biyu: ka taka rabi tafiya ta tsaya, ka danne har ƙasa fitiyo da famfo su tsaya. Saboda haka babban faifai zai iya mutuwa murus ƙaramin yana ta aikinsa. Ɗaga haron ya wanke inji, ya wanke fulawil da ƙaramin faifai, amma bai ce komai a kan babban ba.

To yaya kuloci ke mutuwa? Galibi ba farat ɗaya ba. Yakan yi makonni yana ba da sanarwa: inji na ihu tafiya na raguwa, musamman a babbar giya ko a hawa, ga ƙauri kamar na birkin da ya kama, ga feda sai an sake ta har sama kafin ta ɗauka. Ka tambayi direbanka tsakani da Allah ko ya ga wannan a kwanakin baya. Ka kuma taɓa fedar da hannu. Ya kamata ta yi ɗan wasa na kusan santimita 1 kafin ka ji ta fara tura wani abu. In babu wasan nan sam, boris na feda yana danne da yatsun kuloci kullum, faifan ba ya samun cikakken matsi, kuma gyaran noti ɗaya ne a jikin sandar feda. Mutuwar farat ɗaya tana faruwa ne kawai in cibiyar faifan ta tsage daga jikinsa, ko haƙoran cibiyar sun share. Wannan ma yana da sauƙin ganewa. A ƙasan gidan kuloci akwai ɗan murfin ƙarfe. A kashe inji a kwance shi. In gutsattsarin ribit, guntayen ƙarfe ko tarin baƙin gari suka zubo maka a hannu, makanikenka ya yi gaskiya. In wurin tsaf yake, a ci gaba.

Gwaji na gaba a kan kujera ake yin sa. A sa ƙaramar liba, wato ta zaɓen babbar giya ko ƙarama, a tsakiya, inda aka rubuta S, wurin da ake tada inji, don kada tarakta ta zabura. A bar inji a silo. Ba tare da taka kuloci ba, a ɗan tura babbar liba wajen ribas a hankali, taɓawa kawai. In ka ji gurza mai ƙarfi har tana dukan tafin hannu, ƙarfi yana shiga giyabos. In libar ta shige shiru kamar inji a kashe yake, to ƙarfin bai wuce kuloci ba. In kuwa gurzar mai rauni ce, ta ɗan yi ƙara ta mutu da ka matsa, kada ka yarda da ita, domin jan mai kaɗai yana iya juya sandar da babu kaya a kanta.

Sai ita ƙaramar libar. Ka gwada tafiya a babba, ka gwada a ƙarama, kowace dabam. A bayan giyabos akwai wasu ƙananan giyoyi da ke zagaye ɗaya ta tsakiya, su ne ke rage gudu sau huɗu in an sa ƙarama. A babba ba a bi ta kansu. Don haka in tarakta ta tafi a babba ta ƙi a ƙarama, laifin yana cikin wannan sashe. In ta ƙi duka biyun, ka lura da yadda libar ke ji a hannu. Mai lafiya tana shiga gurbi uku, kana jin kowanne. In tana lilo babu nauyi, mai yiwuwa notin da ke riƙe cokalin canji a jikin sandarsa ya kwance, liba na tafiya abin da ya kamata ta tura yana zaune a firi.

Yanzu ga gwajin da na fi so, wanda ya raba tarakta gida biyu ba tare da an ɗauki sifana ba. A gefen hagu, ƙasa da kujera, akwai libar fitiyo. A yawancin 135 matsayinta uku ne: ɗaya fitiyo na bin gudun inji, tsakiya firi, ɗayan kuma yana bin gudun taya. Wannan na ukun mutane da yawa ba su taɓa amfani da shi ba, amma ga mai neman ciwo ya fi komai daraja, domin a wannan matsayi sandar fitiyo tana karɓar juyi ne daga wata giya da ke zaune a kan sandar finiyan kanta. Ma'ana, ƙarshen fitiyo ya zama taga da kake leƙen finiyan daga waje.

A sauke haro a cire shi gaba ɗaya. A cire hular da ke rufe sandar fitiyo. Direba ya zauna a kujera, ƙafarsa kusa da birki, kai kuma ka tsaya daga gefe, nesa da taya, kada ka tsaya a bayanta ko gabanta, domin abin da ya share yana iya sake kamawa tarakta ta yi tsalle. A danne kuloci har ƙasa, a kai libar fitiyo matsayin gudun taya. Da giya a firi a saki kuloci: sandar ta tsaya cik, haka ya kamata. Sai a sa giya ta biyu, ƙaramar liba a babba, a saki kuloci a hankali, ka zuba wa sandar ido. In ta juya, kuloci, giyabos, sashen rage gudu da kofula duk sun fita daga zargi lokaci guda, ciwon yana daga finiyan zuwa taya. In ba ta juya ba, ciwon yana gaba, kuma in gurzar da ka ji ɗazu mai ƙarfi ce, to saura wuri kaɗan: tsakanin bayan giyabos da finiyan. A nan kofula yake, daidai ƙarƙashin kujerar da direbanka ya ji ƙarar. In taka ba ta da matsayi na ukun, babu damuwa, murfin gefe zai nuna maka abu ɗaya da ido.

Kafin a buɗe ko'ina a juye mai. Giyabos, haidirolik da aksul na baya duk mai ɗaya suke sha, kusan lita 30, don haka a tanadi rabin duro mai tsabta. Notin juyewa biyu ne, ɗaya a giyabos ɗaya a gidan aksul, kuma kowanne da mayen ƙarfe a bakinsa. Kada yaro ya goge su kafin ka gani. Laushin toka mai kama da kwalli a jikin mayen tsufa ne kawai, kowace tsohuwar tarakta tana da shi. Siraran ƙarfe masu ƙyalli, dogaye kamar an feƙe fensir, haƙoran sanda ne suka share, kuma wannan shi ne sa hannun kofula. Gutsure mai kauri da gefe ɗaya a goge, haƙorin giya ne ko na kirawun. Ƙananan sanduna masu santsi ko ƙwallaye, boris ne ya watse. Kawunan ribit kuwa daga kirawun suke. A tace man ta tsumma a duba abin da ya rage. In man ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga, galibi ta robobin gindin libobin giya da suka tsage, tarakta na kwana a waje ruwan sama na bin liba yana gangarawa ciki.

Da mai ya fita, a kwance zagayayyen murfin gefen dama, wanda ke da ma'aunin mai. A haska tocila sama kaɗan, za ka ga gajeriyar sandar da ta fito daga giyabos da bututun da ya haɗa ta da finiyan, da fin mai baki biyu a soke a tsakiyarsa. Ba sai an tada inji ba. A ɗaga tayar baya ɗaya da jak, a tokare aksul da katako mai kauri, a sa weji a sauran tayoyin, a sa giya ta ɗaya, ƙaramar liba a babba, wani ya juya tayar da hannu gaba da baya kai kana kallo. A tarakta mai lafiya tayar za ta ɗan motsa ta tsaya, inji ya riƙe ta. In tana juyawa, kana ganin finiyan na juyi amma sandar gaba tana tsaye, ko bututun na juyi shi kaɗai a kan ɗayansu, ka kama ɓarawonka. Wani lokaci ma za ka tarar ya tsage gida biyu. Hannu kada ya shiga ramin nan muddin ana juya taya.

Kofula ba kuskuren masu ƙira ba ne. Da gangan aka yi shi ya fi maƙwabtansa rauni, don in an yi wa tarakta fizgar da ta fi ƙarfinta shi ya tafi, kirawun da giyabos su tsira. Yana cikin mafi arha a duk hanyar. Shi ya sa nake roƙonka, duk wanda ya ce a kawo a yi masa walda a jikin sanda, ka ƙi. Zai riƙe, har ma a yaba wa mai waldar, amma fizga ta gaba za ta nemi wani wurin karyawa, kuma wanda ke biye kirawun da finiyan ne. Ga shi kuma ranar da ake son raba tarakta ta nan, sai an yanka. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Canja shi ta sama ake yi. A cire kujera. A saman murfin haidirolik akwai ɗan ƙaramin murfi mai noti biyu, a ƙarƙashinsa akwai siririn bututun da ke kawo mai daga famfo, a zare shi tsaye. Ta ramin gefen dama a raba sandunan sarrafawa da ke saukowa daga murfi da libar famfo, a kuma kalli yadda suke zaune da kyau, a ɗauki hoto da waya kafin a taɓa, domin a nan ne mafi yawan masu gyara ke rikicewa wajen mayarwa. Notocin murfin ba tsawonsu ɗaya ba, a jera su a kwali yadda aka ciro su. Murfin yana da nauyi sosai, silinda da hannayen ɗagawa duk a jikinsa suke, sai mutum biyu ƙarfafa, kuma a ɗaga shi sama tsaye kada a ja shi gefe ya lanƙwasa sandunan. A ajiye shi a kife a kan katako. Daga nan komai a fili yake: a zare fin, a zame bututun, a fito da shi tare da gajeriyar sandar.

Kada a tsaya a kofula kaɗai. A wanke haƙoran gajeriyar sandar da na bakin finiyan da gas, a bi su da farce. Haƙori mai lafiya kansa a faffaɗe yake, gefensa a miƙe. In sun yi tsini, ko an ga mataki a inda tsohon kofula ya tsaya, sabon zai zauna da lilo kuma ba zai kai ƙarshen damina ba. Gajeriyar sandar ana sayar da ita, a canja su tare in ta ci. A bakinta na gaba akwai ɗan boris mai allurai da sifirin a ciki, a tabbatar suna nan lafiya. In haƙoran finiyan ne suka ci sosai, aikin ya girma, zan zo kansa. Wajen mayarwa, kofula yana da ramuka da yawa a jere don fin. An yi su ne don a zaɓi wanda zai bar masa ɗan wasa gaba da baya, kaɗan, wanda bai wuce milimita 2 da rabi ba, amma kada ya matse ƙam. Fin sabo za a sa, a buɗe bakinsa sosai. Ƙusa ko guntun waya ba sa yin wannan aiki. A sa sababbin zoben roba a siririn bututun mai, da sabon gasket a murfi.

In kuwa fitiyo ya juya a gwajin nan, sai a koma baya. In taka tana da fedar kulle difaransha, wadda ake takawa da dugadugin dama, a sa ƙaramar giya a taka ta a saki kuloci a hankali. Tarakta ta motsa, to sandar aksul ɗaya ta karye, ko ƙananan giyoyin cikin difaransha sun watse. Dalili shi ne difaransha tana tura juyi ne inda ya fi sauƙi, guntun da ya karye yana ta juyawa a ciki tayoyi na tsaye, kullewar ce ke tilasta wa mai lafiyar ta ja. A ɗaga tayoyin ɗaya bayan ɗaya da giya a ciki, difaransha kuma a kulle: wadda ke juyawa sakaka babu wani nauyi, ɓangarenta ne. In an kulle difaransha ma ba ta motsa ba, sai a zargi ribit ɗin da ke riƙe kirawun a jikin difaransha, ko finiyan da ya zubar da haƙora. Karyewar haƙori ɗaya ko biyu ba ta cika hana tafiya gaba ɗaya ba, sai dai ka ji ƙwal, ƙwal, a kowane zagayen taya. Wanda ya ji wannan ya tsaya nan take, domin guntun yana yawo a cikin mai yana neman inda zai shiga.

Difaransha ta gefen hagu take fitowa bayan an cire hannun aksul. Kirawun da finiyan tare ake canja su, ko da ɗaya ne ya lalace, domin tare aka goge su a masana'anta, sabo da tsoho ba sa zama lafiya, sai kuka da zafi. A ƙirga haƙora kafin a je kasuwa, na 135 galibi 6 ne da 37. Sababbin sukan zo da notoci a madadin ribit, a ɗaure su da maganin hana kwancewa. A duba ɗan boris da ke riƙe ƙarshen finiyan, shi ne yakan fara watsewa finiyan ya kauce ya ci haƙora. Akwai kuma ma'auni ɗaya da ake yawan tsallakewa. Sandunan aksul biyu na 135 suna haɗa kai a tsakiyar difaransha, kuma siraran washa da ke bakin hannun aksul su ke daidaita tazararsu, wadda ke tsakanin milimita 0.05 da 0.2. In ta yi yawa taya na buga boris, in babu ita kawunan sandunan na goga juna har su yi zafi. Gwajin gida shi ne a ɗaga tayoyin biyu, giya a firi, a juya ɗaya. In suka juya gefe ɗaya tare kamar an kulle su, sun matse, a ƙara washa. Mai Massey Ferguson 165 ya lura, nasa dabam ne: akwai ƙarin giyoyin rage gudu a bakin kowace taya, da mansu dabam da ake mantawa da shi har su bushe.

To in duk gwaji ya nuna kulocin ne fa? Sai a raba, amma a raba da hankali, domin wannan aiki yana karya ƙafa yana kuma kashewa. A kan siminti mai lebur za a yi, ba a gona ba. Kafin a kwance noti ko ɗaya a buga wejin katako tsakanin aksul na gaba da jikin tarakta, hagu da dama, domin aksul ɗin a kan fin guda yake lilo, da an raba inji zai kife gefe. A tokare bayan, a tura gaban a kan jak mai taya. Tunda an buɗe, a canja faifan biyu, da boris na feda, da ɗan boris na tsakiyar fulawil. A shafa fuskar fulawil, in ta yi kwari ko tsagewar zafi a kai a feƙe ta. A duba mai: a ƙasan gidan kuloci akwai ɗan rami da fin ke lilo a ciki don kada ya toshe. In baƙin mai ke ɗiga daga nan, sil na bayan inji ne, in mai haske ne, na sandunan giyabos ne. Duk wanda ke yoyo a canja shi yanzu, in ba haka ba zai jiƙe sabon faifai. A daidaita faifan biyu da sandar saiti kafin a ɗaure. Notoci ukun da ke sakin faifan fitiyo a bar musu tazarar kusan milimita 2. Wajen haɗawa, sanduna biyu ne za su shiga faifai biyu, a riƙa juya fitiyo da hannu ana turawa a hankali har su shige da kansu. Kada a taɓa jawo ɓangarorin biyu da noti. Mutane da yawa sun lanƙwasa sabon faifai a wannan minti na ƙarshe, suka sake rabawa washegari.

Shi giyabos da aka ambata maka, shi na fi kokwanto a kai. Na 135 mai giya shida gaba biyu baya abu ne mai sauƙin gini da juriya, kuma in ya lalace giya ɗaya yakan rasa, ko ya riƙa fitar da ita, ko ya yi kuka. Rasa dukansu lokaci guda ba halinsa ba ne. Ko maƙalewar da yake yi a giya ɗaya ba ta kai a sauke shi ba: ƙasan liba ne ya ci ya fita daga gurbi, a buɗe notin zuba mai da ke kusa da libar, a sa doguwar sukundireba a mayar da sandunan canji su daidaita a firi. Sai dai in taka mai Multi-Power ce, mai giya 12 da ɗan maɓallin canji kusa da sitiyari, ka gwada tafiya a matsayinsa biyun ka gaya wa makanike sakamakon, domin tana da nata kulocin na mai a gaban giyabos.

Kowane ne ya lalace, wanke ciki wajibi ne. Garin ƙarfen nan yana cikin man da famfon haidirolik ke zuƙa, in aka bar shi wata mai zuwa za ka dawo kana cewa ta daina ɗaga garma. A wanke gindin gidan da gas da burushi, a kwashe laka da hannu, a wanke rariyar famfo, a bar shi ya tsane. Tsohon mai kada ya koma. A zuba man tarakta na gama-gari da aka yi don giya da haidirolik tare, ko man giya lamba 90 marar ƙari in ba Multi-Power ba ce. Man aksul na manyan motoci mai warin ƙibiritu, wanda aka rubuta wa GL-5, a bar shi, ba a yi shi don famfo da sassan tagulla na wannan tarakta ba. A canja robobin libobin giya, kuɗinsu kaɗan ne.

Kayan gyara ba za su gagara ba. An fara fitar da 135 a 1964, da injin Perkins mai silinda uku, aka ƙera ta da yawan gaske a Coventry ta Ingila, kuma zuriyarta irin su 240 sun ci gaba da fitowa daga kamfanin Millat na Pakistan, Indiya ma kamfanin TAFE ya daɗe yana ƙera na wannan gida. Saboda haka a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za a samu, sabo ko na Beljiyam. Ka tafi da tsohon a hannu, da gajeriyar sandar, a gwada a gabanka: ya shiga da ɗan matsi, in ka murɗa kada ka ji ƙwas-ƙwas. Kama ba ta isa ba, a ƙirga haƙora a auna tsawo. A kirawun da finiyan, na asali da aka ciro daga wata tarakta, in haƙoransa lafiya kuma tare aka ciro su, ya fi mini sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba.

Saura tambayar da za ka yi wa kanka da direbanka, cikin natsuwa ba faɗa ba: me ya karya shi? Ƙarfin 135 doki 45 ne da ɗoriya. Haron da aka yi wa 375 mai doki 75, in aka rataya mata shi a laka mai danƙo, kowane sashe na hanyar nan yana aiki a bakin iyakarsa. A rage faifan haron ko a rage zurfi. In ta kafe a fadama, kada a ba ta wuta a saki kuloci farat ɗaya, kada a yi ta gaba da ribas ana fizga, a ɗaga haro a haƙa gaban tayoyi a fita da baya. Kada a taka makullin difaransha taya ɗaya na tsananin juyi, kuma kada a sha kwana da shi a kulle. Ƙafa ta sauka daga kan feda in ana tafiya. In za a ja wani abu ko a ja ta, a ɗaura sarƙa a sandar ja ta ƙasa, kada a ɗaura sama da aksul, domin tarakta irin wannan tana iya miƙewa ta kife ta baya a kan direba kafin ya kai ƙafa kuloci, kuma galibi ba ta da ƙarfen kariya a sama. Bayan gyara a ba ta aiki marar nauyi na wuni ɗaya, sannan a sake kwance notocin juye mai da sauri a duba mayen, a toshe ramin da yatsa kada man ya zube. In ya fito da laushin toka kawai, a mayar da haro.